Fina-finan sararin samaniya: wanne ya dace ka zauna ka kalla da ƙaramin ɗanka?

Akwai shekarun da yaro ke ɗaga kai sama ya fara jefo tambayoyi. Me ya sa wata ke bin mu in muna tafiya? Ina taurari ke zuwa da rana? Wa ya gutsure wata har ya koma siriri? Daga shekara huɗu zuwa bakwai abin ya fi yawa, kuma duk wanda ya raini yaro ya san wannan lokaci. A da kaka ce ke amsawa a tsakar gida, ta nuna Zara matar wata, ta nuna Kaza da 'ya'yanta, ta ɗora da tatsuniya. Yau a zangunanmu, daga Nima da Sabon Zango na Accra har Kumasi da Tamale, waya da talabijin sun karɓi aikin. Mu kuwa iyaye sai mu miƙa wa yaro waya da magana ɗaya tak: "Ai katun ne."

A kan wannan magana nake so mu tsaya. Ni uba ne, ina son fina-finan sama, kuma na kalli da dama tare da yarana. Fim ɗin sama yana iya sa wa yaro son ilimi da ganin girman halittar Allah. Yana kuma iya hana shi barci kwana da kwanaki, ko ya cusa masa abin da za ka sha wahalar warwarewa. Abin da ke raba biyun shi ne wa ya zaɓi fim ɗin, kuma ko an zauna an kalla tare.

Haruffan da ke jikin fim

Yawancin fina-finan da ke zuwa mana daga Amurka suna ɗauke da harafi. G na nufin kowa na iya kallo. PG na nufin akwai wuraren da ya kamata iyaye su sa ido. PG-13, wanda aka fara amfani da shi a 1984, gargaɗi ne cewa akwai abin da bai dace da yaron da bai kai shekara 13 ba. R kuwa na manya ne. A Ingila suna sa U, PG, 12A, 15 da 18.

Haruffan suna da amfani, sai dai da ma'aunin masu su aka auna. Su abin da suke dubawa shi ne jini, zagi, tsiraici da ƙwaya. Ba ruwansu da ko fim ya nuna wata allahiya da ke zaune a wata, ko yaro yana ɗaga wa mahaifinsa murya ana yi masa tafi. Don haka ni harafin nake fara dubawa don in san abin da zan ajiye gefe nan take, sannan in auna sauran da kaina.

Abubuwa huɗu da nake aunawa

Na farko tsoro. Sararin samaniya wuri ne mai duhu da shiru, kuma masu fim sun san haka, da shi suke cin abinci. Ɗan shekara biyar bai gama rarrabe abin da ke cikin akwatin talabijin da abin da ke bayan ƙofar ɗaki ba. Abin da ya fi razana shi ma sau da yawa rabuwa ce: yaro ya ɓace, uwa ta mutu, an bar wani shi kaɗai a wata duniya. Dodo mai ido uku na iya ba shi dariya, amma yaron da aka manta da shi a fim zai sa shi kuka.

Na biyu tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Cikakken fim yakan kai awa ɗaya da rabi. Ke nan ga ƙananan, gajerun fina-finai ne daidai, ko a raba dogon gida biyu, rabi yau rabi gobe.

Na uku harshe. Yaranmu da Hausa suke tashi a gida, Turancin makaranta bai gama zama a bakinsu ba, wasu iyayen ma ba sa jin Turancin Amurka mai sauri. Fim mai surutu da yawa zai bar yaro yana kallon launi kawai. Abin daɗi shi ne, mafi kyawun fina-finan sama na ƙananan yara kusan babu magana a cikinsu.

Na huɗu aƙida da tarbiyya. A matsayinmu na Musulmi da ke zaune cikin jama'a masu addinai daban-daban, yaranmu suna jin abubuwa iri-iri a makaranta da kan titi. Ba ma iya toshe musu kunne, amma a cikin ɗakinmu muna da ikon zaɓen abin da za a fara nuna musu da lokacin da za a nuna.

Na 'yan shekara uku zuwa shida

Da La Luna nake fara ba da shawara, ɗan gajeren fim na kamfanin Pixar na 2011, minti bakwai kacal. Yaro ne da mahaifinsa da kakansa suka fita cikin kwale-kwale da dare, suka kafa tsani suka hau wata, suna share ƙananan taurarin da suka zubo a kansa har ya koma jinjiri. Babu kalma ko ɗaya da ake ganewa, uba da kaka gunaguni kawai suke yi, kowa na so yaron ya riƙe tsintsiya irin tasa. Duk gidan da ake zaune da kaka zai gane wannan rigima. In an gama sai ka ce wa yaro wannan tatsuniya ce, sannan ka ɗauko lemo da tocila ka nuna masa gaskiyar: wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana, kuma ɓangaren da rana ta haska muke gani.

Sai A Grand Day Out na 1989, wanda Nick Park ya yi da 'yan tsana na laka, bai kai rabin awa ba. Wani mutum mai suna Wallace da karensa Gromit cuku ya ƙare musu, sai suka ƙera roka a ƙarƙashin gida suka tafi wata, don wai an ce da cuku aka yi shi. Akwai wurin da Wallace ya buga ƙwallo sama, suka yi ta jira ba ta dawo ba. Nan ne za ka gaya wa yaro cewa janyowar wata kashi ɗaya cikin shida ne na ta duniyarmu, shi ya sa mutum ke tsalle a can kamar fara. Ka kuma faɗa masa cewa babu iskar shaƙa a wata, ba a zuwa da rigar sanyi kamar yadda Wallace ya yi.

A cikin dogaye, A Shaun the Sheep Movie: Farmageddon na 2019 ya fi sauƙi. Wata ƙaramar baƙuwa daga wata duniya, Lu-La, ta faɗo kusa da gonar tumaki, tunkiyar nan Shaun ta ɗauki nauyin mayar da ita wurin iyayenta. Daga farko har ƙarshe babu maganar mutane, kukan tumaki ne da motsin fuska, don haka kaka da jika duk za su yi dariya a wuri ɗaya. Akwai ma'aikatan gwamnati masu rigunan kariya da ke farautar baƙuwar, da ɗan wurin da take kewar uwarta, amma ba sa daɗewa. Ga wani abin da yara ke jin daɗi in an gaya musu: a 2022 an saka 'yar tsanar Shaun a cikin kumbon Artemis na farko, ta zagayo wata ta dawo da gaske.

Na huɗu, wanda a wurina shi ne gwanin, WALL-E ne na 2008, mai harafin G. Mutane sun cika duniya da shara har ta ƙi zaunuwa, suka gudu cikin wani ƙaton kumbo suka bar ɗan mutum-mutumi yana tattara bola shekara 700. Wata rana ya tsinci tsiro ɗaya ya dasa a cikin tsohon takalmi. Fiye da rabin awar farko kusan babu magana. Yaron da ke ganin leda ta toshe kwata a unguwarsu duk damina ba ya buƙatar fassara. Mutanen cikin kumbon kuma sun yi ƙiba, suna kwance kan kujeru, kowa ido a kan allo, ba ya ko ganin na kusa da shi. Wannan kam mu manya aka yi wa habaici. Abin lura biyu ne. Akwai soyayyar yara tsakanin na'urorin biyu, WALL-E da EVE, wadda riƙon hannu ne babban burinta. Kusa da ƙarshe kuma an murƙushe WALL-E har ya manta kowa na ɗan lokaci, kuma a nan ɗan shekara huɗu yakan fashe da kuka. Ka riga shi, ka ce masa ya kwantar da hankali, za a gyara shi.

Na 'yan shekara bakwai zuwa goma

In yaro ya fara tambayar "da gaske ne an je?", lokacin Apollo 11 na 2019 ya yi. Babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa, hotunan ainihi ne da aka ɗauka a watan Yuli na 1969 aka gyara aka jera. Za ku ga rokar Saturn V mai tsawon mita 110 tana tashi ranar 16 ga wata, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suna sauka a kan wata ranar 20, Michael Collins yana zagaye a sama yana jiransu, sannan su faɗo cikin teku ranar 24. Tafiyar kimanin kilomita 384,000 ce zuwa kawai. Fim ɗin na tafiya a hankali, don haka ga mai shekara bakwai ka nuna masa tashin rokar da saukar, sauran ya jira. Na san a majalisunmu har yanzu akwai masu cewa ƙarya ce Turawa suka shirya. Ku kalla tare da su ma, a yi musun da hujja a gaba.

E.T. na Steven Spielberg, 1982, shi ne wanda iyaye da yawa ke tunawa da ƙauna, su ɗauka ya dace da kowane yaro. Labarin abota ne mai kyau tsakanin yaro Elliott da baƙon da 'yan uwansa suka tafi suka bari. Amma ku tuna abin da ke ciki. Akwai wurin da baƙon ya sha giya daga firji har yaron ya bugu a aji ya sumbaci wata yarinya. Akwai zagi a teburin cin abinci. Akwai dogon wuri da E.T. ya yi fari fat yana shirin mutuwa, mutane masu rufaffiyar fuska sun mamaye gidan. Ga ɗan shekara biyar wannan ya yi nauyi. Daga takwas zuwa sama, kana zaune kusa da rimot a hannu, to.

Hidden Figures na 2016 shi nake so kowace yarinya a zango ta gani kafin ta gama firamare. Labarin gaskiya ne na mata uku baƙar fata, Katherine Johnson, Dorothy Vaughan da Mary Jackson, da suka yi aikin lissafi a hukumar NASA lokacin da dokar wariya ta hana baƙi shiga banɗaki ɗaya da farare a jihar Virginia. Kafin John Glenn ya zagaya duniya a 1962, sai da ya nemi Katherine ta sake duba lissafin kwamfuta da hannunta. Ta rasu a 2020 tana da shekara 101. Fim ɗin ya wuce awa biyu, maganarsa da yawa, akwai neman aure da ɗan shaye-shaye a wuri ɗaya, don haka ya fi dacewa daga shekara tara, kuma sai da mai fassara a gefe. Amma yarinyar da aka taɓa ce wa lissafi na maza ne, ko aka kalle ta a raine saboda hijabinta, za ta gane abin da matan nan suka sha.

Apollo 13 na 1995 ma na wannan rukuni ne, can wajen shekara goma. A Afrilun 1970 tankin iskar shaƙa ya fashe wa Jim Lovell da abokansa biyu suna kan hanyar wata, aka yi kwanaki ana faɗi-tashin dawo da su da rai, aka kuma yi nasara. Akwai ashar nan da can da fargaba mai tsawo. Darasinsa shi ne natsuwa da haɗa kai in abu ya ɓaci.

Waɗanda sai an yi tunani

Over the Moon na 2020, da ke kan Netflix, katun ne mai kyawun launi da waƙoƙi, kuma shi ne babban misalin abin da ya sa "ai katun ne" ba ta isa ba. Tun a mintunan farko mahaifiyar yarinyar ta rasu. Ita kuma yarinyar ta ƙera roka ne don ta je ta tabbatar da cewa Chang'e, allahiyar wata a tatsuniyar mutanen Sin, tana nan da gaske, kuma a fim ɗin ta same ta. Yaro mai shekara goma da ya san tauhidinsa zai iya kallo a matsayin tatsuniyar wasu mutane. Mai shekara biyar da bai daɗe da shiga makarantar allo ba, ni ban ga dalilin rikita shi ba. Gidan da aka yi rashin uwa kwanan nan kuma su nisance shi tukuna.

Lightyear na 2022 shi ma katun ne daga Pixar, kuma yara sun san Buzz daga Toy Story, za su roƙe ka. Ku sani akwai wurin da aka nuna mata biyu a matsayin ma'aurata suna sumbatar juna, dalilin da ya sa ba a haska shi a gidajen sinima na Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Malesiya da wasu ƙasashe ba. Gara ka san haka tun kafin ka danna, da ka gani kwatsam yaro na cinyarka.

Su kuwa Gravity, Interstellar da The Martian, duk PG-13 ne, na ku ne manya bayan yara sun kwanta. A na farko an nuna gawa da fuska a huje. Na biyu ya kusa awa uku, kuma ginshiƙinsa uba ne da ya tafi ya bar 'yarsa tana kuka. Na uku ya buɗe da mutum yana cire ƙarfe daga cikinsa yana ɗinke kansa. Duk fim ɗin da ka ga sunan Alien a jiki kuma, na tsoro ne zalla, kada ma ya kwana a wayar da yaro ke taɓawa.

"Baba, su ma suna sallah a can?"

Wannan tambaya za ta zo, kuma tana da amsa mai daɗi. Musulmi na farko da ya je sararin samaniya shi ne Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, a 1985. A Oktoban 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a ƙarshen watan Ramadan. Tashar na zagaya duniya cikin kimanin minti 90, wato rana na fitowa ta faɗi sau 16 a yini guda. Malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa jagora: ya bi lokutan sallah na wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. A 2023 Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a tashar, a shekarar kuma Rayyanah Barnawi ta zama mace ta farko daga Saudiyya da ta je. Gajerun bidiyonsu suna nan a YouTube, ana ganin ruwa ya dunƙule yana yawo a iska, mutum na barci a ɗaure cikin jaka. Minti uku na irin wannan yakan fi wani dogon katun kama hankalin yaro.

Ka kuma tuna masa cewa a cikin surorin da yake hardacewa akwai masu sunan rana, wata da tauraro: Shamsi, Ƙamar, Najmi. Kuma abin bai tsaya a ƙasashen nesa ba. A 2017 matasan injiniyoyi daga Jami'ar All Nations da ke Koforidua suka harhaɗa GhanaSat-1, ɗan tauraron ɗan'adam mai nauyin kusan kilo ɗaya, aka sake shi daga wannan tashar. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da faifan nan mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse, arewa da Accra, a matsayin na'urar sauraron taurari.

Yadda za a zauna

Ka kalli fim ɗin kai kaɗai tukuna, ko da da gudu ne kana tsallakawa. In a shagon masu tura fina-finai ake zuba muku a waya ko filashi, ka faɗi sunan wanda kake so, kada ka ce "zuba min na yara", don ba ka san abin da za a haɗo maka ba. In Netflix ko YouTube ne, ka buɗe wa yaro sashensa, ka kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa in ɗaya ya ƙare. A kalla a talabijin ko a jingine waya kowa na gani, fitila a kunne, kuma a gama tun kafin lokacin barci ya matso. In an kira sallah a tsayar, fim ba ya gudu. In yaro ya yi tambaya ma a tsayar a amsa, don ita ce ribar zaman. In ka ga ya yi tsit ya maƙale maka, ko ya ce yana jin fitsari sau uku, tsoro ne yake ji. Kashe kawai, ba sai an kai ƙarshe ba.

Bayan fim kuma a fita waje. Daren da aka ɗauke wuta, maimakon tsaki, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a hau bene. Wannan mai haske sosai da ke fitowa yamma bayan magariba a wasu watanni, Zara ce, kuma duniya ce kamar tamu mai zagaya rana. In kuka ga wani haske yana tafiya a hankali ba ya ƙiftawa, ya ratsa sama cikin 'yan mintuna, mai yiwuwa tashar nan ce da ke kimanin kilomita 400 a samanmu, da mutane a ciki. Ranar 29 ga Sha'aban kuma, in manya sun fita duban jinjirin wata, a riƙo hannun yaron a tafi da shi.